Libarba: Daga Ƙugun Bature Zuwa Kasuwar Gwanjo

Kwanakin baya, da aka zo rabon gadon wani dattijo a nan Sabo, an fito da wani akwatin ƙarfe wanda shi kansa marigayin gadonsa ya yi daga mahaifinsa, ɗaya daga cikin mazan jiyan da suka je yaƙin Boma. Da aka ɓalle kwaɗon, sai ga lambobin yabo guda biyu, da takardar sallama daga soja duk ta yi ja, da wata tsohuwar jar dara da asu ya cinye. A can ƙasa kuma ga wani kube na fata mai murfi, da igiya a naɗe cikinsa. Kuben ƙaramar bindiga ne, amma babu komai a ciki. Tsofaffin gidan suka ce ai tsohon yaron wani hafsa Bature ne a fagen daga, shi ke goge masa bel da takalmi, to da za su rabu sai ya ba shi kuben, ya tafi da bindigarsa.

Nan take wani saurayi cikin jikoki ya ce, "Kai! Da da bindigar a ciki ai da mun warke. Irin waɗannan a Amurka kuɗi ne, ina ganin Turawa a waya suna harba su." Wani kuma ya karɓe da cewa, "Ko ba a sayar ba, ai ta yi mana maganin ko-ta-kwana." Maganar yaran nan biyu ce ta sa na ga ya kamata mu ɗan waiwayi tarihin wannan bindiga: daga ina ta fito, wa ke rataya ta, yaya aka yi ta koma kayan gwanjo, kuma me ya sa abin da yake wasa a can zai iya zama masifa a nan.

Bindigar da kakanninmu suka kira libarba

Sunan da Hausawan bariki suka ba ta shi ne libarba, sun aro shi daga bakin Turawa suka lanƙwasa shi yadda harshe zai ɗauka. Abin da ya bambanta ta da sauran ƙananan bindigogi shi ne wata 'yar ganga da ke tsakiyarta, mai ramuka biyar, shida ko bakwai, kowane rami da harsashinsa. Duk lokacin da aka ja kunama sai gangar ta juya, ta kawo sabon harsashi daidai bakin bututu. A zamanin da mai bindiga ke ɗura albarushi ta baki, ya harba sau ɗaya ya ruga ya sake ɗuri, mutum ya yi harbi shida a jere ba ƙaramin abu ba ne.

Wani Ba'amurke, Samuel Colt, shi ya yi rajistar ƙirarsa a 1836, kuma shi ya fara ƙera ta da yawa a masana'anta. Amma wadda ta shafe mu ita ce ta Ingila. A 1887 rundunar sojan Ingila ta zaɓi libarbar kamfanin Webley na birnin Birmingham. Ita Webley karya ta ake yi a tsakiya kamar an buɗe littafi, sai kwanson harsasai shida su watso waje gaba ɗaya. An yi ta gyara ta ana sake lamba: ta huɗu ta fito a 1899 lokacin yaƙin Turawa da Buwa a Afirka ta Kudu, ta shida kuma, wadda ta fi kowacce suna, a 1915. Nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, harsashinta kuma ƙato ne mai tafiya a hankali. Ba ta da nisan zango. An yi ta ne don abokin gaban da ya riga ya iso gabanka.

Wa ke rataya ta?

A nan ne tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1863 wani hafsan jiragen ruwa, John Glover, ya tara wasu Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu, ya ba su horo da kaki. Su ake kira Hausawan Glover, kuma daga gare su rundunar sojan Nijeriya ke ƙirga shekarunta har gobe. Irin waɗannan dakaru suna cikin waɗanda suka yi yaƙin Ijebu a 1892. A 1893 kuma, da Kyaftin Bower ya zo ya zauna a Badun a matsayin wakilin Turawa na farko, da dakarun Hausawa ya zo. Hasumiyar nan da ke kan tudun Oke Are don tunawa da shi aka gina ta a 1936. Wato tun kafin a yanka mana Sabo a 1916, akwai Bahaushe mai kaki a garin nan.

To amma duba yadda aka raba makaman. Kurtu da kofur da saje, doguwar bindiga suke saɓawa. Libarba kuwa a ƙugun hafsa take, da igiya ta zagayo wuyansa don kada ta faɗi ko a fizge. A wancan zamani hafsan Ingila da kuɗin aljihunsa yake sayen tasa, kamar yadda yake sayen takobi da kayan sawa, sharaɗin dai ta ci harsashin gwamnati. Saboda haka ita alamar muƙami ce kafin ta zama makami. Haka aka shiga Kano a watan Fabrairun 1903, aka shiga Sakkwato a watan Maris, aka gama a Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada: 'yan tsirarun Turawa da libarba a ƙugu, ɗaruruwan baƙaƙen sojoji da dogayen bindigogi, ga kuma bindiga mai ruwa da igwa waɗanda su ne suka yi ainihin ɓarnar. Abu ne mai ɗaci, amma gaskiya ne cewa da yawa cikin sojojin nan da Hausa ake ba su umarni.

Shi kuwa talaka da ba soja ba, an riga an rufe masa ƙofa tun daga Turai. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Brussels, wadda ta hana sayar wa mutanen galibin Afirka bindigogin zamani. Abin da aka bar musu shi ne harba-ka-ruga da albarushin kasuwa, wato bindigar maharba. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa. Kun ga ke nan ba abin mamaki ba ne a tarar da kube babu bindiga a akwatin tsohon soja. Tsarin ne haka.

Yaƙi ya ƙare, kaya sun yi kwantai

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa an ƙera Webley ta shida wajen dubu ɗari uku. Bayan yaƙin sai hukumomin soja suka ga ta yi wa sabon kurtu nauyi, kuma tana da wuyar koyo, don haka a 1932 suka koma wata mai ƙaramin harsashi da ake ƙerawa a masana'antar gwamnati ta Enfield. Da yaƙin Hitila ya ɓarke, abin da ke hannu bai isa ba. Aka kwaso tsofaffin Webley daga sito, aka kuma nemi taimakon Amurka, inda kamfanin Smith & Wesson ya aika wa Ingila da ƙawayenta sama da rabin miliyan.

Irin waɗannan bindigogi ne hafsoshi suka rataya a dazukan Boma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan. Duk wanda ya bi ta Mokola ya ga barikin Letmauk, to sunan wani wuri ne a can Boma inda iyayenmu suka yi yaƙi a 1945. Haka barikin Myohaung da na Arakan a Ikko, da na Dalet a Kaduna.

Da aka gama yaƙi a 1945, sai gwamnatoci suka wayi gari da tulin makamai fiye da hannuwan da za su riƙe su. Ga shi kuma zamani ya juya, sojoji sun koma wa fistol mai cin harsashi goma sha uku ta cikin mariƙi. A cikin shekarun 1960 Ingila ta sallami libarba daga aikin soja. Ajiye makami kuwa kuɗi yake ci: sai sito, sai mai gadi, sai giris. Mafita biyu ce, ko a narke ko a zuba a teku, ko kuma a yi gwanjo. An yi duka biyun.

Dillalan gwanjon makamai

Mu 'yan kasuwa ne, mun san cewa duk inda kaya suka yi kwantai akwai mai jiran su faɗo. A Amurka wannan sana'a ta daɗe. Wani mutum, Francis Bannerman, ya yi suna a birnin New York wajen sayen ragowar kayan yaƙin basasar Amurka da na yaƙinsu da Sifen na 1898. Kayan sun yi masa yawa har ya sayi wani tsibiri a kogin Hudson a 1900, ya gina katafaren sito kamar fadar sarki. A 1920 albarushin da ke ciki ya tashi ya rusa wani ɓangare na ginin.

Bayan yaƙin Hitila kuma sai aka sami wanda ya fi shi, Samuel Cummings, wanda ya kafa kamfaninsa a 1953, aka fi saninsa daga baya da Interarms. Yana da sito a Alexandria ta jihar Virginia, yana da wani a Manchester ta Ingila. Shi da ire-irensa sukan saye rumbun gwamnati sukutum, su loda a jirgin ruwa, su kai Amurka. A can sai a buga talla a bayan mujallu. Bindigar da hafsa ya riƙa tinƙaho da ita a gaban sarakunanmu, ga ta nan ana tallarta ƙasa da dala 20. Ka yanki takarda ka cike, ka haɗa da kuɗi ka aika ta gidan waya, a kawo maka har gida. Babu mai ganin fuskarka.

Akwai kuma wani ha'inci na kasuwa da ya biyo baya. Harsashin Webley yana da wuyar samu a Amurka, don haka dillalai suka riƙa kai su wurin maƙera ana aske bayan gangar don ta karɓi harsashin sojan Amurka, wanda yake ko'ina kuma da araha. Matsalar ita ce wannan harsashi ya fi ƙarfin abin da aka gina bindigar ta ɗauka. Wasu sun yi shekaru suna harbawa lafiya, wasu kuma gangar ta tarwatse musu a hannu. Har yau masu tara kayan tarihi in sun ga wadda aka aske, sai su rage mata daraja, kamar dai yadda ake yi wa motar da aka taɓa injinta.

Ranar da araha ta yi tsada

A farkon 1963 wani saurayi a Dallas ta jihar Texas ya yi odar bindigogi biyu ta gidan waya da sunan ƙarya. Ɗaya doguwa ce, ragowar sojan Italiya, a kan dala 19.95. Ɗayar kuma libarba ce ƙirar Smith & Wesson, irin wadda aka aika wa Ingila lokacin yaƙi, da hatimin gwajin Ingila a jikinta. Ta dawo ta hannun dillalai, an datse mata bututu, an sayar masa dala 29.95. Sunansa Lee Harvey Oswald. Ranar 22 ga Nuwamban 1963 aka harbe Shugaba John Kennedy, kuma hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ce da doguwar bindigar nan aka yi. Kafin awa guda ta cika, aka harbe wani ɗan sanda, J. D. Tippit, a bakin titi, kuma kwanson harsasan da aka tsinta a wurin na libarbar ne. Tana jikinsa aka kama shi.

Duk da haka sai da aka ƙara rasa Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 kafin majalisar Amurka ta yi doka. Dokar ta hana aika wa mutum bindiga ta gidan waya daga wata jiha, ta kuma toshe shigo da ragowar makaman soja. A 1984 aka sassauta, aka ce waɗanda suka zama kayan tarihi za su iya shigowa. Da Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, sai wata sabuwar kasuwa ta buɗe. Akwai libarbar Rasha mai cin harsashi bakwai, ƙirar wasu 'yan'uwa biyu 'yan Beljiyam masu suna Nagant, wadda sojan Rasha ya ɗauka a 1895 aka yi ta ƙera ta har 1945. An gyara su an dulmuya cikin giris an jibge a rumbuna shekara da shekaru. Sai ga su a shagunan Amurka, wani lokaci ƙasa da dala 100.

Yadda masu sha'awa ke yi a can

Kada a ɗauka duk mai sayen tsohuwar libarba mugu ne. Galibinsu dattawa ne masu son tarihi, irin mutanen da ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Mutum zai zauna da tabarau yana karanta hatimin da ke jikin ƙarfe: wannan alamar kibiya ta nuna kayan gwamnatin Ingila ne, wannan lamba ta nuna shekara, wannan ta nuna rundunar da ta riƙe ta. Yana kuma tsoron jabu, domin maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan sun daɗe suna kwaikwayon Webley da hannu, har da hatimin, amma ƙarfen ba shi ne ba.

In ya zo harbawa ma ba a tsakar gida yake yi ba. Sai ya kai wa maƙerin bindiga ya duba ko akwai tsaga, ya duba ko gangar tana tsayawa daidai da bututu, don in ta kauce ko kaɗan, ɓarɓashin dalma ta gefe yake fita. Waɗanda aka yi tun zamanin baƙin albarushi ba su jure na zamani. Tsohon harsashi kuma ba shi da amana: wani ba zai tashi ba, wani sai an ɗauka ya mutu sannan ya tashi. Bayan duk wannan sai a je filin koyon harbi mai rajista, da abin toshe kunne da na kare ido, a harbi takarda, a goge, a mayar cikin akwatin ƙarfe a kulle.

Dokar tarayya ta Amurka ba ta ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin haka a matsayin makami, kayan tarihi ce. Ingila kuwa, mahaifar Webley, ta bi wata hanya. Bayan wani mutum ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, da ƙananan bindigogin da yake da lasisinsu, sai aka haramta wa jama'a mallakar ƙaramar bindiga a 1997. An bar 'yar kafa ga tsofaffin da aka daina yin harsashinsu, a kan cewa ado ne kawai. Ta wannan kafa ɓarna ta shigo. Wani dillalin tsofaffin bindigogi, Paul Edmunds, ya riƙa shigo da su yana haɗa musu harsashi a gidansa, suna faɗawa hannun 'yan daba. An gano kayansa a wuraren aikata laifi fiye da 100. A 2017 kotu a Birmingham, garin da aka haifi Webley, ta ɗaure shi shekara 30, kuma a 2021 aka ƙara tsaurara dokar. Bindigar da ta shekara ɗari ta manta sunan mai ita, amma ba ta manta aikinta ba.

Mu dawo gida

A Nijeriya babu wannan rarrabewa ta tsohuwa da sabuwa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Harba-ka-ruga tana ƙasa, bindigar farauta tana tsakiya da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Libarba da fistol kuwa suna cikin jerin haramtattu, tare da bindigogin soja, kuma lasisinsu sai da iznin Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izni, ɗaurin da ke jiransa ba ya gaza shekara goma. Alƙali ba zai tambaye ka ko ta kakanka ce ba, ko ta yi tsatsa, ko ba ka taɓa harbawa ba. Kasuwar da yaron nan yake hange a waya ba ta da ƙofa ta nan. Ko ka yi niyyar fitar da ita waje, laifi ne a kan laifi.

Saura maganar ɗan'uwansa, mai cewa ta yi maganin ko-ta-kwana. Ban raina tsoronsa ba. Duk wanda yake garin nan a watan Fabrairun 2021 ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa, yadda saɓani tsakanin mutum biyu-uku ya zama gobara, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje, mata da yara suka kwana a waje. Bayan irin wannan dole zuciya ta raya wa matashi abubuwa. Amma mu tambayi kanmu, me ya kashe wutar? Zaman da sarakunanmu da shugabannin Yarbawa suka yi ne, da gwamnonin da suka taso daga Arewa suka zauna da gwamnan Oyo, da maƙwabtan da suka ɓoye maƙwabtansu ba su tambayi yarensu ba. Da an sami tsohuwar libarba ɗaya a ɗakin wani yaro a Sabo a makon nan, ba sunansa za a buga a jarida ba. Cewa za a yi an gano makamai a unguwar Hausawa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mai canji da mai suya da mai goro da ɗan acaɓa, kowa sai ya biya bashin da bai ci ba, kuma amanar da aka fi shekara ɗari ana ginawa ita za ta fara tsagewa.

Saboda haka, in Allah Ya sa wani ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da kuben nan ba fanko ba, shawarata ita ce kada ya taɓa kunama don gwaji, kada ya nuna wa abokai, kada ya ɗauki hoto, kada kuma ya sa ta a aljihu ya kama hanya shi kaɗai. Ya kulle ɗakin, ya sanar da mai unguwa da fadar Sarki, a nemi lauya, a kira hukuma ta zo ta ɗauka a rubuce a gaban shaidu. Wurin irin waɗannan kaya shi ne gidan tarihi, kamar na yaƙi da ke Umuahia, inda yaro zai gani ta bayan gilashi ya yi tambaya a ba shi amsa.

Su kuwa magadan dattijon nan, da aka gama lissafi, babbar jikarsa ce ta ce a ba ta kuben da lambobin da takardar sallamar. Ta sa an yi musu gidan gilashi ta rataye a falo. Duk baƙon da ya tambaya, sai ta ba shi labarin mutumin da ya tashi daga ƙauyensu ya hau jirgin ruwa zuwa Boma, ya dawo da ransa, ya zauna a Sabo ya yi sana'ar goro har ya aurar da 'ya'yansa, bai taɓa kwana a ofishin 'yan sanda ba.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.